Rabin Kwalbar Jinin Wanzami

Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Yaran da na karantar a lakwal, wato makarantar boko ta Dakoro, duk sun yi furfura yanzu, amma har yau in mun gamu a kasuwa sai in ga dattijo yana gyara tsayuwa. A zamanin da nike magana, Faransawa suna nan, ni kuwa sabon mushe ne, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, alƙalami biyu a aljihun gaba, ina ganin duk garin ba wanda ya san kome sai ni da kumandan, Baturen mulki. Shi ma kumandan ɗin ina da shakka a kanshi.

Matata ta haifi ɗiyarmu ta fari a farkon damina, a gidan iyayenta, kamar yadda aka saba. Haihuwar fari ce, to ni da gidan surukai sai kunya. Ranar suna na zauna a zaure, ban gan ta ba sai daga nesa a lulluɓe. Bayan nan in na biyo ta ƙofar sai in aika gaisuwa in ƙara gaba. Wai ni mai raina al'ada, amma wannan kunyar ta riƙe ni fiye da kowa a unguwar. Kullum amsa ɗaya nike samu: tana wankan jego, tana shan kunun kanwa, har ta yi ƙiba. Na ji daɗin wannan ƙibar, Allah ya yafe mani.

An yi wata ɗaya da ƴan kwanaki sai ga babban wanta da sassafe, ya ce Inna na kirana. Surukuwa ba ta kiran mijin ɗiyarta ciki sai abu ya ɓaci, saboda haka ko takalmi ban ɗaure da kyau ba. Na iske matata a zaune, an jingina ta da bango, don in ta kwanta numfashi ƙwace mata yake yi. Ƙafafunta sun kumbura, in ka danna da yatsa sai gurbin ya zauna. Leɓɓanta da tafin hannunta fari fat. A bayanta da ƙwaurinta kuwa ga tsagar aska sabuwa, layi-layi. Inna ta yi bayani fuskarta na kallon bango, kamar da bangon take magana. Ta ce da kumburin ya fara, tsofaffi suka ce mataccen jinin haihuwa ne ya taru, aka kira wanzami, ya kafa mata ƙaho har sau uku.

Wanzamin yana zaure yana wanke ƙahonninshi. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, shekarunshi wajen hamsin, bakinshi ba ya rabuwa da barkwanci. Shi ya yi mani kaciya, shi ya aske ɗiyata ranar suna. Yakan ce duk namijin da ke taƙama a garin nan ya san shi tun ba shi da abin taƙama. Ranar nan ban bar shi ya buɗe baki ba. Na kira shi jahili, na kira shi mahauci, na ce in ta mutu shi ya kashe ta, sannan na sa ƙafa na shure zabirarshi a gaban mutane. Askake da ƙahonni suka watse cikin yashi. Ya durƙusa ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, yana busa ma kowane ƙasa. Da ya gama ya ce, “Allah ya ba ta lafiya, mushe,” ya fita.

Gidan likita na Dakoro a lokacin ɗaki biyu ne da rumfa. Sa'ar da muka yi ita ce lokotoro, babban likitan da ke zuwa rangadi daga Maraɗi, yana gari, ruwa ya yanke hanya a kwarin Gulbin Kaba, motarshi ba ta iya komawa. Baƙar fata ne daga ƙasashen bakin teku, siriri, an ɗaure ƙafar gilashinshi da zare. Ya yi aiki da sojoji, can ya koyi ƙarin jini, kuma duk inda ya tafi yana tare da wani akwatin ƙarfe mai kwalabe da allurai. Hausarshi ba ta wuce gaisuwa, don haka ni ake kira in yi tafinta. A makon ma na tsaya mashi sa'ad da aka kawo wani makiyayi daga wajen Azagor, bijimi ya soke shi a cinya, jini ya tsiyaye har ya daina gane mutane. Na ga an ɗebi jinin ƙanen mutumin cike da kwalba, da ɗuminshi aka sa mashi duka, kafin la'asar ya buɗe ido yana tambayar shanunshi. Daga ranar na ɗauka na gama sanin ƙarin jini.

A kan ƙyauren ɗaki muka ɗauko matata. Lokotoro ya ja fatar idonta ƙasa ya duba, ya saurari ƙirjinta ya daɗe, ya danna ƙafarta. Ya dubi tsagar askar ya wuce. Sai ya gaya mani jinin da ya rage a jikinta ya tsinke ya zama ruwa-ruwa, zuciyarta ta gaji da tura shi, ruwa kuma ya fara hawa huhunta. Ya ce a daina kanwa da gishiri daga yau, ya yi mata allura, ya ce amma in ba a ƙara mata jini ba bai yi mani alkawarin kwana uku ba. Kafin ya rufe baki na naɗe hannun rigata.

Ya ɗauko farin faranti na tangaran da wasu ƴan ƙananan kwalabe da yake ajiye ma sanyi a gidan kumandan. Ya soki yatsanta, ya soki nawa, yana ɗiga magani a kan kowane ɗigon jini yana juyawa da tsinke. Yana yi yana bayani: jinin ɗan Adam iri huɗu ne, A da B da AB da O, kuma wanda aka sa ma irin da jikinshi bai yarda da shi ba, jinin ne zai kashe shi. Matata O ce, ba ta karɓar na kowa sai na O. Ni kuwa B ne. Na ce a sake gwadawa. Bai yi musu ba, ya ɗauki ruwan jininta ya haɗa da ɗigon nawa, ya miƙo mani farantin kusa da taga. Ina kallo abin ya guntse ya yi gudaji-gudaji kamar madarar da ta tsinke a wuta. Na ce mashi ni ne mijinta. Ya ce ya sani, amma jini bai halarci ɗaurin aurenmu ba.

Babban wanta aka gwada, shi A ne. Nan rigima ta tashi, don shi a ganinshi an ce ba uwa ɗaya uba ɗaya suke ba, wato an zagi Inna ke nan. Ni mai rigima da kowa, ni ne na koma ba da haƙuri, ina fassara cewa ƴan ciki ɗaya suna iya bambanta a jini kamar yadda suke bambanta a tsawo. Ƙaramin wanta kuwa tun da ya ji zancen kwalba ya tuna gonarshi ta hanyar Mai Yara tana son noma. Ban ga laifinshi sosai ba yanzu. Abin da kowa ya yarda da shi a lokacin shi ne, jinin da aka ɗiba ba ya komowa, mutum ya raunana ke nan har abada, ba noma ba haihuwa. Maƙwabtan da suka rako mu suka zame ɗaya-ɗaya, wannan zai kama ruwa, wancan akuyarshi ta ɓace. Inna ta miƙa nata hannun, lokotoro ya duba idonta ya girgiza kai, ya ce ita ma da ƙyar nata ke isarta. Haka ranar ta ƙare ba mu samu kowa ba.

Washegari bayan sallar asuba na iske wanzami zaune ƙarƙashin aduwar da ke bakin gidan likita, zabirarshi a cinya. Raina ya ɓaci nan take, na nufe shi in kore shi. Bai tashi ba. Ya ce ya ji maza sun gudu, kuma shi abin dariya ya ba shi, don shekara talatin yana ɗibar jinin mutanen garin nan, bai taɓa ganin lafiyayyen da nashi bai komo ba. Sannan ya dube ni ya ce, “Gaya mashi ya diba nawa. Ni na ɗiba, in da hali ni in maida.”

Wallahi a zuciyata na so kada ya dace. Ina faɗi ne don gaskiya ce, kuma ina jin kunyarta har yau: matata na can tana kokawa da numfashi, ni ina nan ina kishin kada jinin mutumin da na zaga ya yi abin da nawa ya kasa. Lokotoro ya haɗa ɗigon a faranti, ya juya, ya jira, ya kai taga, ya ƙara jira. Jinin ya zauna sumul, ko gudaji ɗaya babu. Ni aka sa in fassara ma wanzami cewa shi O ne, kuma nashi ya yi.

Ya kwanta a benci ya miƙa hannu. Wasu in za a soke su kau da kai suke yi, shi kuwa ido ya zuba ma allurar, yana kallonta kallon mai sana'a. Ya ce in gaya ma lokotoro hannunshi ba nauyi, da wanzami ne da ya samu gidaje. Lokotoro ya yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranshi. A gindin kwalbar akwai wani farin magani mai hana jini daskarewa, lokotoro yana ta kaɗa ta a hankali har ta cika. Rana tana fitowa aka gama. Na miƙe tsaye, ina jiran a nufi ɗakin da matata take.

Ba a nufa ba. Lokotoro ya toshe bakin kwalbar, ya ɗaura mata igiya a wuya, ya zura ta cikin randar ruwan sanyi da ke lungu, ya ɗaure igiyar yadda za ta tsaya cak. Ya ce kada wanda ya taɓa, kada ma a ɗebi ruwa a randar. Daga nan ya wanke hannu ya fita rumfa, ya shiga duba masu ciwon ido da masu gyambo. Na bi shi ina tambaya, ya ce sai azahar. Na ce azahar ta wa? Ya ce in je in zauna kusa da matata, ya fi mani amfani.

Ban san wata safiya mai tsawon wannan ba. Daga rumfa ana jin numfashinta. Inna na yi mata fifita, jaririyar na kuka a hannun wata maƙwabciya. Sau uku ina zuwa wajen lokotoro, sau uku yana duba agogo yana cewa da saura. A tsakani yakan shiga ya saurari ƙirjinta ya fito. Wanzami yana zaune a gindin aduwa an ba shi fura yana sha, ya ƙi tafiya gida. Ni kuwa ina kai da kawo tsakanin randa da ƙofa, ina zagin likitanci da masu shi cikin harshe biyu.

Da aka kira azahar ya jawo igiyar a hankali, kamar mai fito da ƙwai. Jinin ya rabu biyu: ƙasa ja wur mai kauri, sama wani ruwa rawaya garai-garai. Ya dafa wata doguwar allura, ya zura ta ta marfin, ya fara zuƙe ruwan saman da sirinji yana tsiyayewa cikin tasa. Na ga kwalbar na raguwa. Ban san sa'ad da na cafke wuyan hannunshi ba. Na ce makiyayin Azagor cikakkiyar kwalba aka ba shi nan take, ita matata rabin mutum ce? Na ce dattijo ya ba da jininshi cike, an bar shi ya wuni a randa, yanzu kuma ana zubar da rabi a gaban idona. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba.

Bai fizge hannunshi ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya ce makiyayin nan jininshi a ƙasa ya zube, jijiyoyinshi suka zama wayam, saboda haka yana bukatar duka, da ruwan da jan, kuma da sauri. Matata kuwa ba ruwa ta rasa ba, ruwa ne ma ke neman kashe ta, ya cika ƙafafu ya hau ƙirji. Abin da ta rasa shi ne jan nan da ya kwanta a ƙasa, shi ke ɗaukar numfashi ya kai ko'ina a jiki. In ya ɗura mata kwalbar duka, zuciyar da ke tafiya da ƙyar za ta kasa, ta shaƙe a gabanmu kafin la'asar. A manyan asibitoci akwai na'urar da ke raba jinin cikin ɗan lokaci, nan kuwa ba shi da na'ura sai randa da haƙuri. Sannan ya ce, “Fassara ma uwarta, mushe. Ita ta haife ta, tana da haƙƙin ta sani.”

Na fassara cikin huci, har lokacin hannunshi na cikin nawa. Inna ta leƙo ta dubi kwalbar, ta dubi tasar. Tun da na auri ɗiyarta ba ta taɓa kallon fuskata ba, ba ta taɓa yi mani magana kai tsaye ba. Ranar ta dube ni cikin ido ta ce, “To ai gasara ce. A bari ta kwanta, a tsiyaye ruwan, a ɗauki na ƙasa. Sake mashi hannu, ɗan nan.” Matar da ba ta san harafi ɗaya ba ta gane cikin numfashi guda abin da ni mai alƙalami biyu na kasa ganewa tun safe. Na sake shi. Shatin yatsuna na nan a fatarshi, bai ko duba ba.

Ya rataya rabin kwalbar a ƙusa, ya sa mata allura a hannu, ya matse siririyar robar har jinin ya koma sauka ɗigo-ɗigo. Ya jawo kujera ya zauna, agogo a tafin hannu, yana ƙirga ɗigon. Jim kaɗan ya saurari ƙirjinta, ya taɓa goshinta, ya koma ƙirga. An kawo mashi abinci daga bariki ya huce a rufe. Na taɓa ganin masu ilimi da yawa a rayuwata, amma ban ga wanda ya zauna da iliminshi shiru haka ba, awa huɗu a kan kujerar katako saboda matar mutumin da ya gama zaginshi. Ina son mutumin nan har yau, ko da yake ban nuna mashi ba.

Wanzami ya matso bakin ƙofa ya ce in tambayar mashi abu ɗaya: ta yaya ake gane wanda bai kamata a ɗebi jininshi ba? Lokotoro ya kira shi ciki. Ya ba shi ɗan madubi, ya ja mashi fatar idonshi ƙasa ya ga ja, sannan ya ja ta matata ya ga fari kamar auduga. Wanzami ya daɗe yana kallo. Ya ce, ba da kowa ba, “Ashe sau uku ina kwashe mata abin da ba ta da shi.” Ya koma gindin aduwa ya zauna ya rufe fuska da hannun riga. Duk zagin da na yi mashi jiya bai sa shi hawaye ba.

Wajen la'asar sakaliya numfashinta ya fara sauka. Na kama hannunta na buɗe, na ga tafin ya ɗan yi jini-jini a gindin yatsu. Kafin rana ta faɗi ta buɗe ido ta ce a miƙo mata yarinyar. Ba wai ta tashi ta kama daka ba ne. Ta yi makonni tana shan ƙwayoyin da ya bari, tana cin hanta da zogale, kumburin na saɓewa kaɗan-kaɗan, ni da Inna muna faɗa a kan kunun kanwa, don tun daga ranar kunyar da ke tsakaninmu ta ragu ƙwarai. Da hanya ta buɗe lokotoro ya koma Maraɗi, daga can aka yi mashi canjin wuri, ban ƙara ganinshi ba. Ranar da zai tafi na tambaye shi ko jinin wanzami zai zauna a jikinta har abada. Ya ce a'a, wata huɗu ne iyakarshi, kafin nan nata ya tsiro ya maye gurbin.

Daga wannan damina wanzami bai ƙara kafa ma kowa ƙaho ba sai ya ja fatar idonshi ya duba. In ya ga fari sai ya maida ƙahon zabira ya ce a tafi gidan likita, ko da sarauta mutum yake taƙama. Mai jego kuwa ko an roƙe shi ba ya taɓawa. Wasu suka ce ya zama bawan Nasara, suka koma wajen wani wanzamin, bai damu ba. Ni kuma sai da na yi Juma'a uku ina shirya jawabin neman gafara a kaina kafin in iya zuwa aski. Da na zauna a gabanshi jawabin ya gudu, abin da ya fito kawai shi ne, “Baba, ka yafe mani.” Ya ce zagin da na yi mashi ranar kaciyata ya fi wannan muni, kuma tun ranar ya yafe har da na gaba. Sai ya ja fatar idona ya leƙa, ya ce ni kam ko ƙaho goma aka kafa mani ba a rage kome ba. Ya jiƙa mani kai ya fara aski.

Wanzami ya rasu da daɗewa bayan Faransawa sun tafi. Lokacin muna da ƴaƴa shida, duka shi ya aske su, ita ta farin har ta yi aure. Na dawo daga maƙabarta da rana tsaka na iske matata zaune a bakin ɗaki, ba ta ɗora tukunya ba. Na ce mata an kai baba, an rufe. Ta buɗe tafin hannunta ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Ba duka kuka rufe ba.”

Na san zancen wata huɗu, da kunnena na ji shi daga bakin lokotoro. Na buɗe baki in gyara mata, kamar yadda na shekara arba'in ina gyara ma kowa magana. Sai na rufe. Na ɗauki buta na zauna kusa da ita, na wanke yashin maƙabarta daga ƙafafuna.